Numfashin Nuriya

Ambilans ba ta gama fita daga Gaya ba majo Yacuba, ma'aikacin jinya, ya miƙa wa Alfari wata roba, ya ce ya riƙe masa zai gyara ƙarin ruwa. Roba ce kamar gora da ake matsawa ta tura iska, haɗe da tiyon da aka zura a maƙogwaron Nuriya, jikar Alfari mai shekara biyu. Ciwon huhu ya ci ƙarfinta, mashin ɗin da zai yi mata numfashi kuwa sai Yamai. Uwarta Fa'iza na jego, shi ya sa tsohon ya biyo ta.

Ya matsa robar da tafinsa gaba ɗaya. Majo ya cafke masa hannu.

"Baba, yatsu uku kawai. Huhun yarinya ne, za ka fasa shi."

Haka mahaifin Alfari ya sha buge masa hannu a maƙerarsu ta bakin kogi. Lauje na son iska da yawa, amma ƙugiyar masunta, in ka cika mata zugi sai ta ƙone. Ya tuna warin gawayi, da Sarkawa masunta a zube kan tabarma suna jiran ƙugiyoyinsu, suna zolayar tsohon nasa da Zabarmanci, shi kuma yana ramawa ba tare da ya ɗago kai ba. Yanzu manyan motocin Kwatano ke fakawa a wurin. Shekara ashirin rabonsa da zuga-zugi, tun da laujen kanti ya cika kasuwa.

Bayan sun wuce Dosso ya fara jin wani abu a yatsunsa. Jefi-jefi robar kan ɗan motsa da kanta. Nuriya ce ke ja. Sai ya riƙa sauraronta, in ta ja ya taya ta. Majo ya nemi ya karɓe shi, Alfari ya ce a bar shi.

Da la'asar suka isa. Wata matashiyar likita ta haɗa yarinyar da mashin, sai abin ya kama ƙara, Nuriya na banƙarewa, ƙirjinta na kokawa da iskar. Likita ta ce a kawo allurar da za ta kwantar da ita. Alfari na tsaye a bakin ƙofa da takalmansa a hannu.

"'Yata, abin nan riganta yake yi. Tana ja da kanta, sai dai a hankali. Ku bari ta fara."

Likita ta dubi majo. Majo ya ce tun daga Gaya hannun tsohon ke kan robar. Ta ɗora tafinta a ƙirjin yarinyar, ta daɗe tana kallon allon mashin, sannan ta murɗa wani abu, ta rage wani. Ƙarar ta ɗauke. Kafaɗun Nuriya suka sauka.

Aka fitar da Alfari baranda. Bai kai ga zama ba wayarsa ta yi kuka. Fa'iza ce, ko gaisuwa babu, ta tambaya ko tana numfashi.

"Tana yi," ya ce. "Ita ke gaba, ƙarfen na bin ta."