Gujiyar da Baba Halidu ya ware

"Ramatou, kar ki ba yaran! Zubar da shi!"

Ramatou ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunun gujiya a hannu. Mai maganar Baba Halidu ne, maƙwabcinta a unguwar Saga, yana kwance a kan tabarma. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya, amma ya yunƙura har ya dafa bango.

Shekara ashirin yana sayar da gujiya. Kullum da safe yakan baza ta a faifai ya tsince, mai kyau ta tafi kasuwa, wadda ta yi fumfuna ta zauna a gida, don bai yarda a zubar da abinci ba. Rabin ta gidan yakan aika wa Ramatou, ta dama wa 'yan matanta biyu kunu kafin su tafi lakwal, wato makaranta.

Matarsa Hadizatu ta ja ta gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Likita ya ce kansar hanta ce. Wai wata ƙwayar cuta ce ke cikin jininsa tun yana yaro, ita ta cinye hantar a hankali. Kuma gujiya mai fumfuna na da dafin da ke ƙara mata ƙarfi. Tun da ya ji haka bai ci komai ba."

Ramatou ta dubi kunun da ke hannunta. Shekara nawa ke nan yaran suna sha?

"Ɗiyata," in ji tsohon, "wallahi alheri na nufa. Ki yafe mini."

Ramatou ta kau da kai. Ta ajiye kwanon, ta juya.

Washegari ta kai yaran awon jini a unguwar Plateau. Layi ya yi tsawo. Malamar awon ta duba katinsu, ta ce an yi musu rigakafin ƙwayar tun suna jarirai, wannan abin kwantar da hankali ne, amma a daina cin irin waccan gujiyar, sakamako kuma sai jibi.

"Jibi?"

"Jibi, madam."

Suna zaune a benci waya ta yi ƙara. Hadizatu ce.

"Numfashinsa ya canza. Sunanki yake kira."

Ramatou ta dubi yaran. Ba ta san abin da takardar jibi za ta ce ba. Ko ta hau taksi yanzu, ba za ta iske shi ba.

"Inna, sa masa wayar a kunne."

Ta ji numfashi mai nauyi, yana ja yana tsayawa.

"Baba, ni ce. Na yafe maka, duniya da lahira. Mu ma ka yafe mana."

Numfashin ya ja sau biyu. Sai salatin Hadizatu.

Ramatou ta ajiye wayar a cinya. Ƙaramar ɗiyarta tana danne da auduga a hannunta, tana ɗagawa kaɗan kaɗan ta ga ko jinin ya tsaya.