Murfin Gwangwani a Wuyan Hedimasta

Hedimasta ya daɗe da yin ritaya, amma har yau babu mai kiransa da wani suna, har matarsa Inna. Rabin unguwar nan ta hannunsa suka bi. Mai walda na bakin titi, gemunsa har ya fara fari, in ya hango shi sai ya ɓoye sigari a bayansa. Abin da Hedimasta ya fi alfahari da shi kuwa ɗansa ne, Likita, wanda a cewarsa in ya saki Turanci har masu abin sai sun gyara zama.

To, wannan hutun Likita ya kawo musu 'yarsa, 'yar firamare mai giɓi a baki, wadda ta ci sunan kakarta. Inna ta rungume ta tun daga bakin ƙofa tana cewa, "Takwara, haka kika girma? Kin sha hanya." Yarinya ta yi murmushi, ta waiga ta dubi ubanta. Ashe ko kalma ɗaya ba ta ji a harshen gida.

Sai Hedimasta ya zama tafinta, kuma Allah ya raba ka da tafinta irin nasa. Inna za ta ce, "Tambaye ta, ɓera ne ya sace mata haƙora?" Shi kuma sai ya gyara murya ya ce wa yarinya kakarta tana tambayar lafiyar haƙoranta. Yarinya ta ce lafiya lau, ta gode. Shi ke nan an kashe hira.

Wata safiya Inna ta ajiye masa shayi, ta ƙi tafiya. "Hedimasta, ni fa ba tafinta nake so ba," in ji ta. "Hutu zai ƙare su tafi, ni kuma ban san ko zan ga wani hutun ba. Ina so in yi hira da takwarata, daga ni sai ita. Ko sau ɗaya ne."

Maganar ta taɓa shi ƙwarai, don Inna ba mai roƙo ba ce. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya fito da tsohon allo daga bayan kabad, ya nemo alli, ya zaunar da yarinya a falo yana rubuta mata sunayen abubuwa da harshen gida tana maimaitawa. Kafin shayinsa ya huce ta fara hamma.

Nan ya tuna dabararsa ta da. A zamaninsa, duk yaron da ya kuskura ya yi harshen gida a makaranta, murfin gwangwani ake rataya masa a wuya. Mai murfi ba ya magana, sai dai ya kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi da shi a wuyansa kuma shi da bulala. Da wannan aka yi likitoci da alƙalai. Me zai hana a juya ta? Ya yanke murfin gwangwanin madara, ya huda shi da ƙusa, ya zura igiya. Ya bayyana wa yarinya doka: a gidan nan duk wanda ya yi Turanci, murfi nasa ne, kuma bakinsa ƙanin ƙafarsa, ban da bulala kawai. Ita wasa ta ɗauka, ta yi tsalle ta ce ta yarda. Da Turanci ta faɗa, don haka ita ta fara sawa.

A haka Likita ya dawo daga sayo wa Inna maganin ƙafa. Ya tsaya a ƙofar falo da leda a hannu, bai yi sallama ba.

"Baba, mene ne wannan a wuyanta?"

"Dabararmu ce ta da," in ji Hedimasta yana murmushi. "Ai kai shaida ne. Ta yi aiki."

"Ta yi aiki," in ji Likita. Ya durƙusa ya zare igiyar daga wuyan 'yarsa a hankali, ya duba wurin da yatsa. Bai ɗaga murya ba. "Duk ajinmu babu wanda ya kai ni sa murfin nan, don kada a ce kana raga wa ɗanka. Ranar da aka haifi yarinyar nan na ɗauke ta zan yi mata wasa irin wanda Inna take yi mini, wallahi sai na ji bakina ya yi nauyi. Ba ƙin koya mata harshen gida na yi ba, Baba. Ba ya fitowa ne."

Hedimasta ya ji abin har cikin ƙashinsa. Shi kuma in aka ƙure shi, bayan Turanci yake gudu ya fake. Ya miƙe ya fara bayani da Turanci kamar yana gaban taron iyayen yara: zamani ne ya zo da haka, jarrabawa da Turanci ake yi, aiki da Turanci ake nema, da bai matsa ba da yanzu ina Likita yake? Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Yarinya ba ta san me ake ciki ba, abu ɗaya kawai ta ji: Kaka ya karya doka. Ta fizge murfin daga hannun ubanta, ta hau kujera, ta rataya masa tana ƙyalƙyala dariya, ta ɗora yatsa a kan leɓenta.

Shi ya kafa dokar. A rayuwarsa bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba, ina zai fara yau? Ya koma ya zauna.

Inna tana bakin kicin tana kallon komai. Ta yafito yarinyar da hannu, ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce, "Wai ni Takwara, ɓera ne ya sace miki haƙora?"

Yarinya ta waiga wajen tafinta. Hedimasta ya buɗe baki, hannunsa ya taɓa murfin, ya rufe. Da Inna ta ga babu mai shiga tsakani, sai ta nuna giɓin yarinyar, ta tafiyar da yatsunta a kan tabarma suɗuf-suɗuf, ta kai su bakinta ta cafke. "Ɓera," in ji ta.

Yarinya ta ƙura wa bakin kakarta ido. Can ta miƙa yatsa ta nuna giɓin Inna, wanda ya ninka nata. "Ɓera," in ji ta. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai an yi 'yar banza mai ramuwar gayya, ta jawo ta jikinta. Suka ci gaba, rabi da baki rabi da hannu, babu wadda ta sake waiwayar falo.

Hedimasta yana zaune yana jin su. Igiyar tana cin bayan wuyansa, bakin murfin kuma, duk numfashin da ya ja, sai ya karce shi ta cikin riga. Ya yi aikinsa kaf yana rataya wa 'ya'yan mutane wannan abu, bai taɓa sa shi a wuyansa ba sai yau.

Likita ya matso ya miƙa hannu. "Baba, kawo in cire maka."

Hedimasta ya riƙe hannun ɗansa, bai sake shi ba. Da ya yi magana, da harshen gida ya yi, a hankali don kada yarinyar ta ji ya sake karya doka.

"Bar shi tukuna. Ban san yana da kaifi haka ba."