Gwangwanayen Safiyanu

Wani dare a Taba, Malam Labaran ya ji ƙwaram-ƙwaram a bayan ɗakinsa. Da gari ya waye, ya tarar maƙwabcinsa Safiyanu ya rataye gwangwanaye a zogalen da tsuntsaye ke sauka. Nan tsohon yake zuba musu dakakken ƙuli-ƙuli da dusar gero kullum. Ranar ko kurciya ɗaya ba ta leƙo ba.

Ya tsinke igiyar, ya nufi ƙofar Safiyanu yana huci.

"Kai, baƙina ka kora?"

Safiyanu ya jefo masa zangarniyar gero, an cinye ta tas.

"Baba, ka tara su, sun ƙoshi a gonata. 'Ya'yana fa, me za su ci?"