Kwalin da Ke Cikin Leda

"Riƙe ta ƙasa mana! Idan ta suɓuce, ƙafata za ta fara samu," in ji Direba, yana nishi, ƙirjinsa manne da gilashin tsohuwar talabijin ɗin.

"Ni na ce ka kinkimo ta?" matarsa ta amsa daga ɗaya gefen. "Mutum na kwance ba lafiya, jama'a na kai masa lemo da madara, kai kuma talabijin mai ƙusumbi za ka kai masa."

"Shi ya aiko a kawo."

Ta tsaya cak a tsakiyar layi, har sai da wani mai babur ya danna musu hon. "Mai Kwali? Shi da bakinsa?"

Shi kansa Direba bai gama yarda ba. Ƙofa da ƙofa suke da Mai Kwali tun 'ya'yansu na rarrafe, kuma ciwo ɗaya ke damunsu: tara kaset-kaset na wasan gem irin na da, waɗanda ake cusawa a na'ura a haɗa da talabijin. Sai dai kowa da aƙidarsa. Direba ya tara nasa ne lokacin da yake jan doguwar bas, duk garin da ya sauka sai ya leƙa 'yan gwanjo. Nasa duk tsirara suke, zube a cikin bokitin fenti a ƙarƙashin gado, wasu takardar jikinsu ta ɓare, amma babu wanda bai buga ba. Mai Kwali kuwa, wanda sana'arsa zanen allunan shaguna ce, ba ya sayen kaset sai da kwalinsa da ɗan littafin bayaninsa. Daga nan sunan ya samo asali. Ko na'urar ba shi da ita.

Shekara da shekaru suna wannan musu a kan bencin ƙofar gida. Mai Kwali ya ce kaset ba kwali maraya ne. Direba ya ce to a kunna kwalin mu gani. Ba wanda ya taɓa sauka daga kan bakansa.

Auta, 'yar Mai Kwali, ita ta ɗaga musu labule. Ta baro aikinta a wani gari ta dawo jinyar uban tun da likitoci suka sallamo shi suka ce a je gida a ci gaba da magani. Ta dubi talabijin ɗin, ta dubi Direba.

"Kawu, har da kai a biye masa?"

"Ni ɗan aike ne, 'yata."

Ɗakin na warin man zafi da tsohon fenti. Bango biyu kanta ce tun daga ƙasa har rufi, kwalaye jere kamar littattafai, kowanne an juya bayansa ga taga don kada rana ta cinye launinsa. A kan taga akwai gwangwanin madara cike da busassun buroshi. Mai Kwali na kwance an tokare shi da matasai, ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu, idonsa ya yi ɗorawa.

"Ka zo da injin naka?" ya tambaya.

"Na zo da shi. Yau kuma wace rana?"

"Ɗauko min na uku daga hagu, layin sama. Da hannu biyu, don Allah, ba sitiyari ba ne."

A jikin kwalin an zana wani ƙaton dodo yana fasa teku, ruwa na zuba daga haƙoransa, ga wani jarumi mai ƙirar ƙarfi ya ɗaga mashi. Direba ya zaro kaset ɗin, ya hura cikinsa sau biyu kamar yadda ya saba, ya cusa. Talabijin ta yi tsaki, ta yi shuɗi, sai ga wasu 'yan murabba'ai suna tsalle.

Mai Kwali ya ƙura ido. "Ina dodon?"

"Ga shi nan."

"Wanne?"

"Koren nan."

"Wannan?" Ya ɗaga kai daga matashi. "Wannan ai kamar an taka kyankyaso ne!"

Dariya ta kama shi har ta koma tari, Auta ta rugo da kofin ruwa tana harar Direba. Da ya lafa, hawaye na bin kuncinsa, Direba ya ajiye abin dannawa ya juyo sosai.

"Tsakaninka da Allah, duk kayan nan ba ka taɓa ganin ko ɗaya a kunne ba?"

"Ko ɗaya."

"To me kake yi da su?"

"Kallo." Ya miƙa hannu aka ba shi kwalin, ya bi kumfar tekun da yatsa. "Dubi nan. Ka ga yadda ya sa fari a kan kore, bai gauraya ba? Ina saurayi na tsinci wannan a gwanjo, na tsaya a kansa har mai kayan ya ce ko in saya ko in ba mutane wuri. Ruwan da ke allon mai kifin bakin titi, a nan na koye shi."

Direba ya saki baki. Allon mai kifi kullum sai ya wuce ta gabansa, bai taɓa kawo komai a ransa ba.

"Yanzu da nake kwance," Mai Kwali ya ci gaba, "sai abin ya tsaya min a rai. Mutanen nan da suka yi zanen, me aka nuna musu kafin su zana? Ni dai in mai shago ya ce in zana masa kaza, na san kaza. Shi wannan kyankyaso aka nuna masa, ya fito da dodo. Ina so in ga sauran."

Daga ranar abin ya zama aiki. Kullum bayan la'asar Direba zai shigo, Mai Kwali ya nuna kwali da haɓa, a sauko da shi. Sai ya fara kallon zanen tukuna, ya faɗi abin da yake tsammani, sannan a kunna. Motar tsere mai walƙiya ta zama akwatin ashana. Wata sarauniya mai dogon gashi ta fito ba ta da ko hanci. "Wannan mai zanen maƙaryaci ne, amma gwani," zai ce. Wani kuma ya ce, "Wannan yunwa ce ta sa shi, ko kallon abin bai yi ba." Matar Direba, da ta fi kowa tsiya, ita ma ta koma tana shigowa da tsintar wakenta a faranti, wai don ta taya Auta hira.

Jikin kuwa kullum ja baya yake. Abincin ya ragu zuwa cokali kaɗan. Wani lokaci barci kan ɗauke shi ana tsakiyar wasa, ya farka ya ce, "Me ya faru? Ya mutu?" Direba ya ce, "Ya mutu, amma ya dawo." Ya ce, "Ka ji masu sa'a."

Akwai kwali ɗaya da ba ya cikin layi. Yana can saman kanta shi kaɗai, cikin ledarsa ta kamfani, ba a taɓa ɓare ta ba. Babu dodo a jikinsa, babu jarumi. Wani ɗan kwalekwale ne kawai a kan kogi da magariba, mutum ɗaya a ciki, da fitila a gaba. Rubutun jikinsa na wani harshe ne da babu mai iya karantawa a unguwar.

Ranar da Mai Kwali ya nuna shi da haɓa, Auta ta miƙe tsaye.

"Baba, ban da wannan."

Direba ya san dalili. Ta ɗauki hotunan kayan ta tura wa wani dillalin tsofaffin gem, mutumin ya kira ta ya fi a ƙirga, duk a kan wannan ɗin. Ya ce muddin ledar na nan lafiya, abin da zai bayar zai kai su wani babban asibiti da aka ba ta labari. In an yage ta kuwa, ya zama kamar saura.

"Na riga na yi magana da su," ta ce. "Sun ce a kawo ka su duba. Ka bari a gwada mana, Baba."

"Auta, zo nan."

Ba ta matsa ba.

"Likitan nan da ya ja ki gefe a baranda, kin ɗauka ni bai gaya min ba? Ni na roƙe shi ya gaya miki." Ya numfasa. "Ba na son a ɗora ni a mota a yi ta jijjiga ni, in je in ƙare a ɗakin da ban san bangonsa ba. Ki sayar da sauran duka bayana, halak malak. Wannan dai tun kafin a haife ki nake tambayar kaina ina mutumin nan za shi da fitila."

Ta fice, labule ya bi bayanta. Suka ji ta buɗe famfo a tsakar gida, ruwa na ta zuba ba abin da ake wankewa. Direba ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ko mu bari sai gobe?" ya ce a hankali.

"Goben wa?"

Direba ya hau kujera ya sauko da shi, ya ɗora masa a ƙirji. Mai Kwali ya sa farce a kusurwar ledar ya ja. Farcen ya zame. Ya sake, ledar ko gezau. Direba ya miƙa hannu zai taimaka, ya girgiza masa kai.

Sai ga Auta ta dawo, fuskarta jiƙe, da reza a hannu. Ta zauna a bakin gado, ta tsaga ledar a tsanake ta gefe ɗaya, yadda ba za ta taɓa kwalin ba, ta zare ta.

Wani ƙamshin sabuwar takarda ya tashi. Mai Kwali ya kai kwalin hancinsa ya lumshe ido. "Iskar wata ƙasa ce a ciki," ya ce. "Kada ka hura wannan, ba ya buƙatar yawunka."

Talabijin ta yi tsakinta. Sai ga kogi, shuɗi mai duhu, ga ɗan kwalekwale, ga ɗigon rawaya a gabansa yana kyaftawa. Wani siririn kiɗa na tashi. Babu abokin faɗa. Tuƙi ne kawai, a kauce wa duwatsu da kututture, kogin na ta buɗewa.

Mai Kwali ya dubi kwalin, ya dubi gilashin, ya sake duban kwalin. "To," ya ce. "Wannan bai yi ƙarya ba."

Matsalar ita ce Direba. Ko lanƙwasa ta biyu ta kogin bai kai ba ya daki dutse, fitila ta mutu, aka koma farko. Ya sake, ya sake dukan dutsen nan dai.

"Haka ka riƙa yi da fasinjoji?" in ji Mai Kwali.

"Bas tana da birki, malam!"

Wasan ba ya ajiye inda aka tsaya. Kowace rana daga farko ake somawa, kuma kullum a wani wuri mai gangara Direba ke kifewa. Abin ya dame shi har ya daina cin abinci da daɗi. Yana tsaye a layin famfo sai matarsa ta ga yatsunsa na motsi su kaɗai. Mai Kwali ya daina tambayar wasu kwalayen. Magana ma ta yi masa nauyi, sai dai in an kai gangaren ya ce, "Hagu… hagu," Direba kuma ya yi dama.

Wata ranar da ya kife sau uku a jere, Auta ta miƙo hannu. "Kawu, kawo."

"Kin iya ne?"

"Wa kake tsammani yake cinye maka wasanni in ka yi tafiya? Ni da 'ya'yanka. Baba na hana mu taɓa nasa, mu tsallaka mu taɓa naka."

Mai Kwali ya buɗe ido ɗaya. "Munafukai," ya ce, bakinsa na murmushi.

Ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da gadon, daidai inda hannun uban ke saukowa. Ta wuce dutsen farko, ta wuce kututturan. Da ta iso gangaren ba ta yi hagu ba, ba ta yi dama ba, ta saki madannan gaba ɗaya, ruwa ya ɗauki kwalekwalen ya sauke shi lafiya. Direba ya buga cinya ya yi kabbara.

Bayan gangaren kogin ya faɗaɗa. Dogayen ciyayi suka fito a gefe biyu, wasu fararen tsuntsaye suka tashi, sama ta koma ja-ja. Can nesa aka fara hango wasu ɗige-ɗigen rawaya, da yawa, kamar wasu fitilun.

"Gari ne ko wasu jiragen?" Direba ya tambaya, ya matso har gwiwarsa na taɓa talabijin. "Malam, kai da ka san zane, me ka gani?"

Bai ji amsa ba. Ya ɗauka barcin ne. Auta ce ta fara tsayawa, don yatsun da ke kan kafaɗarta sun yi wani irin nauyi. Ta ajiye abin dannawa a kan tabarma a hankali, ta juya.

Direba ya tashi ya dafa wuyan Mai Kwali, ya daɗe a haka. Sannan ya yi salati, ya shafe masa ido. Fuskar na fuskantar talabijin, girar nan a ɗan ɗage, irin yadda yake yi in yana duba allon da bai gama bushewa ba.

Matar Direba ta ajiye farantinta ta rungume Auta. Shi kuma ya fita ya sanar da maƙwabta, ya kira 'yan'uwa a waya, ya aika a zo da masu shirya shi. Da ya dawo ɗakin don ya kwashe wayoyi a sami wurin tsayawa, ya kai hannu zai kashe na'urar.

"Kawu," Auta ta ce daga inda take durƙushe. "Bar shi tukuna."

Ya janye hannunsa. Ya rage sautin kawai.

A waje takalma sun fara taruwa a bakin ƙofa, ana sallama ƙasa-ƙasa. A cikin gilashin, ruwa ya tura ɗan kwalekwalen har ya jingina da ciyayin bakin gaɓa. Mutumin na zaune da filafilin tuƙinsa a kan cinya, fitilar na ta kyaftawa.