Karen Uwar Ango

Shekara arba'in da ɗaya Idwal Probert ya yi yana kiwon shanun gandun Kelmere, bai taɓa barin ƙofar makiyaya babu sarƙa a watan haihuwar shanu ba. Sai bana, da Uwargida Rosalind ta gaji gandun. Ta kafa ɗakunan katako goma sha biyu a bakin tafki don masu zuwa hutu, ta buɗe filin gaban gida ga masu bikin aure. Daga ɗakunan zuwa rumfar biki, in an bi titi, tafiyar rabin awa ce. In an ratsa ta cikin shanu, minti biyar.

Ranar Asabar da hantsi Idwal ya tarar an cire sarƙar, an tumɓuke allon gargaɗin da ya kafa da hannunsa. Ya iske Uwargida a rumfa tana jera furannin bikin auren da za a yi ranar.

"Ranki ya daɗe, wa ya taɓa min ƙofa?"

"Au, taka ce? Ni duk zatona tawa ce." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Allon nan naka yana ɓata wa mutane hoto, Idwal. Kuma mata masu dogayen takalma ba za su zagaya titi ba."

"Shanu tara suka haihu satin nan. Mabli jiya jiya ta sauka."

"Mablin da ke cin tuffa a tafin hannuna? Tsufa ne ya fara sa maka tsoro. Je ka sha shayi, an yanka maka kek."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Idwal bai sha shayin ba. Ya wuce rumbun kayan aiki ya ɗauko wata sarƙar, da niyyar ya kulle ƙofar ko da korarsa za a yi. Yana kan hanyar dawowa ya ji kukan shanu. Ba kukan yunwa ba ne, ba na kiran maraƙi ba ne. Wani gurnani ne daga can cikin ƙirji, wanda sau biyu kawai ya taɓa ji a rayuwarsa, kuma duka biyun sai da aka ɗauki mutum a kwance.

Ya sheƙa da gudu, gudun ɗan shekara sittin da takwas.

A tsakiyar makiyaya, ƙarƙashin tsofaffin itatuwa, ga Bernadette uwar ango cikin rawayar hula mai faɗi. Jiya shi ya kai mata itacen hura wuta ɗakinta, ta nuna masa ɗan farin karenta Basil, wai shi zai kai zoben aure a wuyansa. Yanzu Basil ɗin ne ke haushin maraƙin Mabli, shanu kuma sun yi zobe, kawuna a ƙasa. Matar ta sunkuya ta ɗauke shi ta rungume a ƙirji, igiyarsa naɗe a wuyan hannunta.

Nan fa ta yi kuskure. Shanu ba su da gaba da ita. Kare suke nema, ita kuma ta mai da kanta gidansa.

"Saki karen!" Idwal ya ƙwala ihu. "Baiwar Allah, jefar da shi!"

"Za su kashe shi!"

"Ke za su kashe! Shi ƙafa huɗu gare shi, ke fa?"

Ta ƙara ƙanƙame shi. Mabli ta taso. Goshinta ya sami matar a haƙarƙari, ya ɗaga ta sama, ya maka ta da ƙasa. Idwal ya ji ƙarar ƙashi, ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Saniyar ta durƙusa a kanta da gwiwoyi tana murza ta da kai, wata ta zo ta taka mata cinya. Takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma, amma karen yana nan a hannu yana ihu.

Idwal ya faɗa cikinsu yana wulwula sarƙa. Ya zabga wa wata a hanci, jini ya yi tsartuwa, ta ja baya. Ya zabga wa Mabli, wadda shi ya shayar da ita da kwalba tun tana kwana uku, sarƙar ta fasa mata gefen ido. Ta juyo ta kwashe shi da ƙaho. Ya ji tsinin ya shige cinyarsa ya fita, ɗumin jini ya cika masa takalmi. Ya faɗi daidai kan matar.

Ya zaro wuƙar aljihu ya datse igiyar. Ya kama karen ta ƙeya ya ja, ta ƙi saki, har ta gantsara masa cizo a hannu. Sai ya kama yatsunta ya banƙare su. Ɗaya ya karye. Ya fizge Basil ya yi jifa da shi iya ƙarfinsa.

Kare ya dira ya ranta a na kare, garke ya rufa masa baya, ƙasa na girgiza. Kafin su cim masa ya sulale ta ƙarƙashin shinge. Mabli kaɗai ta tsaya a kansu tana huci, jini na ɗiga daga idonta bisa wuyan Idwal. Ya kwanta ya rufe matar da jikinsa, bai motsa ba. Can maraƙin ya yi kuka. Saniyar ta juya ta tafi wurin ɗanta.

Ya kai kunne bakin matar. Akwai numfashi, da kumfar jini a ciki.

"Basil," ta ce da kyar. "Ina Basil?"

"Yana can yana jiran biki. Ko ƙwarzane babu. Yi shiru, kar ki motsa."

Mutanen rumfa suka iso a guje, ango na kiran uwarsa, wani na kiran asibiti a waya. Uwargida Rosalind ta tsaya, fure har yanzu a hannunta, ta dubi matar, ta dubi cinyar Idwal da yake ɗaurewa da bel ɗinsa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sai dai a wannan karon wasu ne suka ji mata shi a jikinsu.

"Idwal," ta ce, "me zan yi?"

Ya lalubo sarƙar a cikin ciyawa, da jini da gashin saniya a jikinta, ya miƙa mata.

"Ƙofarki ce, ranki ya daɗe. Je ki kulle ta."