Takardar Amincewa

"Hajiya, ba ta iso ba."

Karo na shida ke nan nas ɗin tana faɗa wa Kubura haka, ko kai ba ta ɗagowa. A kan benci 'yarta Zakiyya ta dunƙule tana cije leɓe. Tun a cikin keke sikila ta sake kama mata gwiwoyi.

Asibitin yana gwajin wani sabon maganin sikila, yara arba'in kacal za a ɗauka. Zakiyya ta tsallake awon jini, ta tsallake na ƙoda. Abu ɗaya ya rage: uwa ta sa hannu a takardar amincewa da harshen da take ji. Akwai ta Turanci, akwai ta Ibo. Ta Hausa kuwa tana gaban wani kwamiti da rabonsa da zama tun kafin azumi.

"To ki ba ni ta Ibo," in ji Kubura, da Ibo tsantsa. "A nan garin, unguwar Asata, aka yanke mini cibiya. Shekara ashirin da Ibo nake ciniki a kasuwar Ogbete."

"A fayil Hausa aka rubuta."

"Wa ya tambaye ni? Hijabi akawunku ya gani ya rubuta!"

"Ba ni da ikon canzawa. Ki yi haƙuri."

Haƙuri! Yarinya tana murƙususu a gabanta, ita kuwa tana maganar fayil. Kubura ta dubi allon da ke bango, inda ake rubuta yawan waɗanda aka ɗauka. Talatin da bakwai.

* * *

Ran Litinin ta tarar da kwalin takardu sabo fil a kan teburin nas ɗin.

"Ta iso," in ji nas, murya ƙasa ƙasa. "Amma tun Juma'a aka cike gurabe."

Duk da haka ta miƙo mata guda ɗaya, wai ko za a sake buɗewa baɗi. Kubura ta karɓa.

A gida, tana gasa wa Zakiyya gwiwa da tsumma mai zafi, yarinyar ta buɗe takardar tana karantawa a hankali, tana nishi tsakanin kalmomi.

"Shiga wannan bincike ba dole ba ne. Kina da cikakken 'yancin ki ƙi." Ta ɗago ido. "Umma, ƙi muka yi?"

Kubura ta sake tsoma tsumman a ruwa, ta matse.