Farin Fili a Zanen Leoncio

A duk faɗin birnin Lima, in ana maganar ƙasar Sin, Fermín Zegarra ake nema. Ya rubuta littafi a kan zanen Sinawa, kuma kowane mako yana da shafi a jarida inda yake cakuɗa fasaha da siyasa, yana rantsuwa cewa zanen da bai tsaya wa talaka ba ado ne kawai. Abu ɗaya ke ci masa rai: bai taɓa taka Sin ba. Iyakarsa gidajen abincin Sinawa na titin Capón, inda yake cin soyayyar shinkafa da tsinke biyu yana satar kallon ko ana ganinsa.

Sai ga shi ƙungiyar zumuncin ƙasarsu da Sin ta zaɓi zanen da za ta kai kyauta can, har da mai zanen. Ba kowa ba ne illa Leoncio Arrieta, amininsa tun suna makaranta, wanda ya tsaya wa 'yarsa a matsayin uba a wurin baftisma. Leoncion da Fermín ya fara saya wa tawada da buroshin gora, ya koya masa yadda ake riƙewa. Mutumin da ko sunan sarkin Sin ɗaya bai sani ba.

A liyafar rana aka buɗe zanen. Duwatsun Andes ne da baƙar tawada, ga wasu mata ƙanana suna hawa da kaya a baya, sama ta dama kuma fili ne fari fat. Ya yi kyau, kuma kyan ne ya fi ƙona wa Fermín rai. Haka ya daure yana ta tafi tare da jama'a.

Leoncio ya dafa kafaɗarsa. "Mutumina, ran Asabar ka biyo ta ɗakin aikina. Ka wanke hannu dai, na san ka da maiƙo."

"In zo in ɗaure maka akwati ke nan?"

"Kai dai ka zo, sarkin mita."

Fermín bai iya jiran Asabar ba. Shafinsa na Alhamis ya fito da zafi. Ya ce ana yunwa a tsaunuka, wani ya mayar da matan da ke fama ɗigon tawada don ya burge baƙi. Ya ce wannan farin filin shi ne gurbin da ya kamata a ga lamirin mai zanen. Da ya karanta a buge, sai da ya yaba wa kansa wannan jimlar.

Duk da haka ya je ranar Asabar, wai don kada a ce ya ji tsoro. Ya tarar da zanen a shimfiɗe bisa tebur, an danne gefunansa da duwatsu. Kusa da shi ga buroshi sabo, ga ɗan hatimin dutse da kaskon jan launi. Nan take ya gane, don shi da bakinsa ya sha ba Leoncio labarin al'adar: Basine in ya gama zane yakan bar wa amininsa marubuci fili, ya rubuta 'yan kalmomi ya buga hatiminsa, aikin ya zama na mutum biyu.

Leoncio bai ɗaga murya ba. Ya gaya masa tun farko ya kafa wa ƙungiyar sharaɗi cewa zanen na mutum biyu ne, don haka kujera biyu za a ba su a jirgi, kuma sun yarda. Jiya shugabanta ya kira shi da jaridar a hannu, ya ce ba za su kai kyauta ɗauke da sa hannun wanda ya zage ta ba.

Fermín ya ce zai janye maganar mako mai zuwa. Ya ce siyasa ce kawai, ai ya san halinsa.

"Na san halinka," in ji Leoncio, yana kwashe duwatsun. "Shi ya sa na bar maka wuri mai faɗi."

Ya nannaɗe zanen da filinsa fari, ya ɗaure. Sannan ya tura masa hatimin.

"Ɗauki kayanka. Sunanka ne a jiki, ba zai yi wa kowa amfani ba."

Fermín ya sauko titi da hatimin a aljihun kwat, dutsen yana bugun ƙirjinsa duk takun da ya yi.